Aikin Likitan Fiɗa: A Auna Wuyarsa Da Ladansa Kafin A Shiga

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akan ji iyaye a ƙofar majami'a suna faɗi da murna cewa ɗansu likita zai zama. In aka tambayi yaron wane irin likita, sau da yawa sai ya ce mai fiɗa, domin ya ji labarin Ben Carson, likitan nan na Amurka wanda ya jagoranci aikin raba waɗansu tagwaye da aka haifa kawunansu manne da juna a shekarar 1987. Buri ne mai kyau, ba kuwa wanda zai so a kashe wa yaro gwiwa. Amma Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin yaro ya ba da ƙuruciyarsa, iyaye kuma su ba da gumin gonarsu, ya kamata a zauna a ɗora aikin a kan ma'auni. Abin da za mu yi ke nan a wannan fili, za mu kuma yi awon ne a gida, watau a Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa.

Yawan jama'a, ƙarancin hannu

A ƙidayar shekarar 2006, Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu tana da mutane fiye da 300,000, Gwaram kuma fiye da 270,000. Yau sun fi haka nesa ba kusa ba. Babban wurin da wannan jama'a ke dosa in ciwo ya kai ga wuƙa shi ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 2000 a kan tsohon babban asibitin garin. Ba su kaɗai ke zuwa ba, har da maƙwabta daga ƙasar Bauchi da ta Kano. Ga kuma babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa yankin, wadda ba ta rabuwa da haɗarin mota.

A shekarar 2015 wani kwamitin masana na duniya, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta kafa, ya bayyana cewa mutane wajen biliyan 5 ba su iya samun tiyata mai aminci a kan lokaci da kuɗin da za su iya biya. Kwamitin ya ce kowace ƙasa tana bukatar aƙalla ƙwararru 20 ga kowane mutum 100,000, in an haɗa likitocin fiɗa da na sa barci da na haihuwa. Da Nijeriya ta yi nata lissafin a 2019, ba ta kai ko biyu ba. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: da a ce an cika wancan ma'auni, da Birnin Kudu da Gwaram kaɗai suna da irin waɗannan ƙwararru fiye da 100, ko da an tsaya a kan ƙidayar 2006. A bisa rabon da ƙasar ke da shi kuwa, da ƙyar su kai goma.

A riƙe wannan lissafi, domin daga gare shi wahalar aikin take fitowa, daga gare shi kuma darajarsa take fitowa.

Tsawon hanya

Abu na fari da za a ɗora a ma'auni shi ne shekaru. Yaro zai fara da cin Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, watau Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, ya kuma sami maki mai yawa a jarrabawar JAMB, gama guraben karatun likita kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. In ya samu, a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Jos ko ta Tarayya da ke Dutse, shekara shida ce. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekara ɗaya ta bautar ƙasa.

Bayan duk wannan ya zama likita, amma bai zama likitan fiɗa ba tukuna. Sai ya ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbi a asibitin da aka amince ya horar da ƙwararru, ya yi shekara biyar ko shida yana aiki yana koyo a ƙarƙashin manya. A tsakiyar wannan horo akwai babbar jarrabawa, a ƙarshensa akwai wata, tare da rubutun bincike. Hukumomi biyu ke shirya su: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ya faro a 1960. Faɗuwa a waɗannan jarrabawa ba abin kunya ba ne, haziƙai da yawa sun maimaita.

In aka tattara, shekara 13 ko 14 ke nan, in komai ya tafi daidai. A ƙasarmu kuwa ba kullum yake tafiya daidai ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Saboda haka yaron da ya shiga yana ɗan shekara 18 zai fito ya haura 30, lokacin da tsararsa da suka shiga kasuwanci a Sara ko suka riƙe noman rani sun gina gida sun sa 'ya'ya a makaranta. Iyayen da ke sa ran yaro zai ɗauke musu nauyin ƙannensa da wuri su san da wannan tun yanzu, don kada daga baya su matsa masa har ya bar horon a tsakiya.

Abin da ke shigowa da dare

Wanda ya ga tiyata a talabijin yakan ɗauka aiki ne na tsari: an sa rana, an shirya mara lafiya, an shiga an fito. Akwai irin wannan, kamar aikin ƙaba da gwaiwa da maƙoƙo. Amma abin da ke cin ƙarfin likitan fiɗa a irin yankinmu shi ne na gaggawa, wanda ba ya sallama kafin ya shigo.

Alal misali, a ɗauki yaron da taifot ta kama a wani ƙauye na Gwaram. An yi mako biyu ana saye masa ƙwayoyi a kyamis, ana haɗawa da jiƙo. Cutar ta ci hanjinsa har ta ɓula shi, ƙazanta ta malale cikin ciki. Sai da ciki ya kumbura ya yi tauri kamar allo aka nemo mota. Ya iso asibiti tsakar dare, ruwan jikinsa ya ƙare, jininsa ya yi ƙasa. Likita ba zai iya sa wuƙa nan take ba, sai an ɗaura ruwa, an sami jini, an ga fitsari ya fara fita, in ba haka ba maganin barci kaɗai ya isa ya ƙarasa shi. Uban yaro kuwa yana waje yana buga waya gida a sayar da akuya. Kowace sa'a da ta wuce tana rage wa yaron rabo, likita kuwa ya san haka sarai. In an shiga, za a buɗe ciki, a nemo ɓular, a ɗinke, a wanke cikin da ruwa mai yawa, a rufe. Sa'a biyu ko uku a tsaye, kai a sunkuye. Kafin ya cire safar hannu an kira shi: ga wanda babur ya karya wa ƙafa, ƙashi ya fito waje, an fara kai shi wurin mai ɗori har ciwon ya fara ɗoyi. A ɗakin haihuwa kuma abokin aikinsa yana fama da matar da ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Gari na wayewa, marasa lafiyar da aka ba rana suna zaune a kan benci suna jiransa.

Inda likitoci suke da yawa, wanda ya kwana aiki yakan tafi gida ya yi barci. Inda suke kaɗan, shi ne na dare, shi ne na rana. Abin ya kai har a 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta Nijeriya ta umarci 'ya'yanta kada su ƙara yin aikin kira fiye da sa'a 24 a jere. Ga kuma ɗauke wuta, da ƙarancin jini a ma'ajiya, da na'urar da ta lalace ba mai gyara, abubuwan da asibitocin ƙasar nan suka sha kuka da su.

Aikin ma ba ya ƙarewa da ɗinkin ƙarshe. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka buga a 2018, ya nuna cewa wanda aka yi wa tiyata a Afirka ya ninka na sauran duniya haɗarin mutuwa sau biyu, ko da yake marasa lafiyarmu sun fi ƙuruciya. Yawancinsu kuwa a kwanakin bayan tiyata suke rasuwa, a kan gadon jinya, saboda babu isassun ma'aikata da kayan da za su gane cewa jiki ya fara juyawa. Watau mutum zai iya yin aiki mai kyau da hannunsa, ya dawo da safe ya tarar da gado wayam.

Haɗari ga jiki da zuciya

Likitan fiɗa yana sa hannu cikin jinin mutumin da bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Tsinin allura ɗaya ya isa ya ba shi ciwon hanta ko ƙanjamau. A arewacin ƙasar nan akwai kuma zazzaɓin Lassa. A watan Fabrairu na 1970, Dokta Jeanette Troup ta asibitin mishan da ke Jos ta rasu bayan ta yanke hannunta tana binciken gawar wanda wannan cuta ta kashe. Shekara hamsin bayan haka, a Janairun 2020, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka rasu da cutar bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata ba a san tana ɗauke da ita ba. Har zuwa shekarar 2021, kuɗin alawus na haɗari da ake ba likitan gwamnati naira 5,000 ne a wata.

Akwai kuma nauyin da ido ba ya gani. Duk likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki yana da marasa lafiyar da ba ya mantawa, waɗanda yakan kwanta yana tambayar kansa ko da ya yi kaza da sun rayu. Shi ne zai fito ya dubi uwa ya faɗa mata. Wani lokaci a karɓa da haƙuri, wani lokaci a bi shi da zagi, ko a baza a gari cewa hannunsa ba kyau. Ko a Amurka, inda kayan aiki suke a wadace, da aka tambayi likitocin fiɗa wajen 7,900 a 2008, kashi 40 cikin 100 sun nuna alamun gajiyar da ta cinye musu sha'awar aiki, kashi 30 kuma alamun ciwon damuwa. In haka ne a can, sai a yi tunanin wanda ke aiki da fitilar waya.

Gida ma yana biyan nasa kason. Matar likita ko mijin likita sukan saba da abincin da ya huce, da zuwa biki su kaɗai. Ana tsakiyar sujada ran Lahadi za a kira shi ya fita, wata Lahadin ma ba za a gan shi ba sam. Ya kamata dattawan ikkilisiya su fahimci wannan, kada su sa shi cikin jerin masu sanyi.

Batun kuɗi

Mutane da yawa suna ɗauka likita attajiri ne. Gaskiya ne ƙwararren likitan fiɗa ba ya rasa aiki, ba ya kuma rasa abin rufin asiri. Amma wanda ya shiga domin dukiya ya yi ɓatan kai, gama akwai hanyoyin da suka fi wannan gajarta. Shekarun horo na ƙaramin albashi ne, ga kuɗin jarrabawa da littattafai da tafiye-tafiye. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi wata biyu suna yajin aiki a kan albashi da alawus.

Wannan ya sa ƙofar waje take jan mutane. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Sun tafi Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya. Ba za mu yanke musu hukunci ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai duk wanda ya tafi, kwanan aikinsa yana komawa kan wanda ya rage. Ko cikin waɗanda suka rage ma, yawanci sun fi son Legas da Abuja da Kano, inda akwai makarantun yara da asibitocin kuɗi. Saboda haka yaron da ya kama wannan hanya zai tarar da mararraba wata rana, gara ya fara tunaninta tun yana ɗalibi.

Ɗaya gefen ma'auni

To, in wahalar ta kai haka, me ya sa har yanzu ake samun masu tsayawa? Amsar tana cikin irin warkarwar da fiɗa ke yi. Mai hawan jini ko ciwon sukari zai sha magani har ƙarshen ransa. Amma manomin da ƙaba ta hana shi riƙe fartanya shekara biyar, aikin sa'a ɗaya ya isa ya mai da shi gona kafin damina. Yaron nan mai ɓulallen hanji, in ya tsallake, zai koma makaranta ya yi shekara sittin a duniya. Matar da aka ciro wa jariri a kan lokaci za ta koma gida da goyo. Sana'o'i kaɗan ne mutum ke ganin amfanin hannunsa a fili haka. A wurin da likitoci suke da yawa, in wani bai yi ba wani zai yi. A Birnin Kudu da Gwaram kuwa, sau da yawa in shi bai yi ba, ba a yi ba ke nan.

Akwai waɗanda rayuwarsu ta nuna haka. Dokta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a 1983. Da ya ga yawan mata masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta ɓata, mazansu suka sake su, mutane suka ƙaurace musu saboda wari, sai ya fara ɗinke su. Ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma horar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya. Yau Babbar Ruga cibiyar ƙasa ce ta wannan aiki, akwai irinta a Ningi, maƙwabciyar Birnin Kudu, a Jahun kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara irin wannan hidima tun 2008. Wanda ya taɓa ganin matar da ta shekara goma tana ɓuya ta tashi a kan busasshiyar tabarma, ya ga ladan fiɗa.

Na biyu ɗan ƙasa ne. Dokta Oluyombo Awojobi ya yi karatu a Ibadan, ya kuma iya zama a birni, amma a 1983 ya koma ƙaramin garin Eruwa, a 1986 ya buɗe asibitinsa a can. Da ya ga ba kaya, sai ya ƙera nasa. Ya yi teburin tiyata da jak ɗin mota, ya yi na'urar gwajin jini da ƙafar keke, yana haɗa ruwan ƙarin ruwa da kansa, yana dafa kayan aiki da wutar totuwar masara. Haka ya yi ta yi wa talakawa aiki da sauƙin kuɗi har ya rasu a 2015. Rashin kaya bai hana shi ba, ya dai sa ya zama maƙeri a kan likitancinsa.

Tambayoyi ga mai niyya

Saurayi ko budurwa mai wannan buri, gama mata ma suna yin fiɗa, suna kuwa yi da kyau, ya tambayi kansa tsakani da Allah. Zan iya karɓar gyara mai zafi daga na gaba da ni shekara da shekaru ban yi zuciya ba? Zan iya yanke shawara cikin minti biyar, in kuma ɗauki alhakinta? In mara lafiya ya mutu a hannuna, zan iya kuka in wanke fuska in shiga na gaba? Farar riga nake so, ko aikin da ke ɓata ta? Wanda ya sami dama ya nemi izini ya yi kwanaki yana bin ma'aikatan asibiti yana kallo, gama gani ya kori ji. In ya kai ga aure, ya faɗa wa wanda zai aura gaskiyar abin da ke gaba.

Wanda kuma ya auna ya ga ba zai iya ba, bai gaza ba. Ɗakin tiyata ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mai sa barci, akwai nas mai miƙa kaya, akwai mai gwajin jini, akwai mai jinyar da ke kwana kusa da gado, wanda binciken nan na 2018 ya nuna a wurinsa rai yake tsayawa ko ya tafi. Makarantar koyon aikin jinya tana nan cikin Birnin Kudu.

Namu kason

Yawancin nauyin da muka lissafa ba daga wuƙa yake ba, daga jinkiri da rashi yake, a nan kuwa kowa yana da abin yi. Ciwon ciki mai tsanani da ya kwana, da naƙudar da ta wuce yini, da karayar da ƙashi ya fito, da ƙabar da ta ƙi komawa tana ciwo, duk na asibiti ne nan take. Matasa masu lafiya su saba da ba da jini tun ba a kai ga ɗan'uwansu ba. Zumuntar mata da ta maza su ajiye ɗan asusu domin tiyatar gaggawa, don kada a tsaya jiran ranar kasuwa. In an tarar da likita ya gaji, a yi masa uzuri, wataƙila bai ga gadonsa ba tun jiya. Hukuma kuma ta sani cewa wa'azi ba ya riƙe ma'aikaci a karkara, sai albashi a kan kari da wuta da ruwa da gidan kwana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ya auna duk wannan ya ce ya ji ya gani, to, iyaye su sa masa albarka, su yi haƙuri da tsawon hanyar, su kuma riƙa tuna masa da mutanen da ke jira a kan benci a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa hannuwan masu yi musu aiki.